Akwatin Kunne da Biran Tsamiya

Mai gyaran rediyon nan da ake kira Kunne, Allah ya jiƙansa, ya iya gajiyar da mutum. Tela, amininsa da shagunansu ke jingine da juna shekara talatin, shi ya fi kowa shan wahalarsa.

A tsamiyar gidan Kunne akwai wasu 'yan biran dare, ba su wuce tafin hannu ba, sai manyan idanu. Kullum kashinsu a kan shanyar matarsa. Ta ce a sare itacen, shi kuwa ya kafe. Ya lura suna buɗe baki, maƙogwaro na rawa, ba a jin komai, amma karen maƙwabta sai ya miƙe kunnuwa.

"Magana suke yi, siririya ce, kunnenmu ba ya kamawa," in ji shi. "Wataƙila ma da ita suke gane reshe a duhu, kamar jemage."

"Malam, ni da nake ɗaga murya ma ba ka ji na," in ji matar. "Ka jiyar da ni maganar tasu, in bar maka itacenka. In ba haka ba, gatari."

Shekara uku yana haɗa akwatin da zai mai da siririn sauti mai kauri. Ya farke rediyon tela har biyu, ko tambaya babu. Ranar da akwatin ya fara ƙara, ya janyo tela daga kan keke da ɗinki a hannu. Ashe kukan ƙwan lantarkin tsakar gida yake kamawa.

"Don Allah ka huta," in ji tela. "Rediyona biyu sun tafi a kan kukan ƙwan fitila."

Bai huta ba. Har a gadon jinya yana ƙulla wayoyi, bai samu gwadawa ba ya cika. Tela ya daɗe yana buga bangon shago zai tsokane shi, sai ya tuna ba ya nan.

Matar ta yi magana da mai saran itace, ta kira tela ya kwashe tarkacen mijinta. Da magariba ne, an ɗauke wuta. Tela ya danna akwatin, mai aiki da batir, don kawai ya taɓa inda hannun abokinsa ya taɓa. Ɗan biri ya buɗe baki a kan reshe, akwatin ya ce kit-kit-kit. Ya rufe bakin, akwatin ya yi shiru.

"Ka ga halinka ko?" in ji tela. "Sai da ka tafi za ka yi gaskiya."

Matar ta goge ido. "To ni yanzu ina zan riƙa shanya?"

Da mai gatari ya zo da safe, igiyar shanya ta sa ya mayar mata bayan ɗaki.