Kyaftin Sarkis da Idanun Wadi'a

Sarkis Dahir bai taɓa tashi a jirgin sama ba, amma a ƙauyensu na kan dutse Kyaftin ake ce masa. Lodin kaya yake yi a filin jirgin Bairut: akwatunan tuffa, garewanin man zaitun, ƙullin busasshen abinci da iyaye mata ke aika wa 'ya'yansu a Afirka. Yana saurayi ya kama aiki da wani ƙaramin kamfanin jirage, bai sake wuri ba har furfura ta cika masa kai. Hular kamfanin kuwa, sai a coci kawai yake cire ta.

Kamfanin yakan ba kowane ma'aikaci kujera biyu kyauta duk shekara. Da 'yarsu tilo, Nuhad, ta yi aure ta bi mijinta Kano, Sarkis ya daki ƙirji ya ce wa matarsa Wadi'a da kansa zai kai ta. Sai dai mutumin dutse ba ya rasa dalilin zama. Tuffa ta nuna, a bari a tsinke. An gama, ga zaitun. An matse zaitun, dusar ƙanƙara ta toshe hanya.

A shekarar da Nuhad ta haihu, likita ya ce ciwon sukari na cin idanun Wadi'a, kuma ba a hankali yake ci ba. Ita abu ɗaya take so, ta ga jikanta tun tana gani. Sarkis ya sa rana da gaske, ta ɗinka riguna. Ana sauran 'yan kwanaki kamfanin ya rufe.

"Rufewar me?" in ji shi. "Lokacin yaƙi sau nawa muka rufe muka buɗe? Har bam ya faɗa mana a rumfa, washegari muka share muka ci gaba."

Nuhad ta bugo waya. "Baba, don Allah bari in saya wa Mama tikiti a wani kamfanin."

"Matar ma'aikacin jirgi ta hau jirgin wasu? In sa fuskata ina a garin nan?"

"Fuskarka kake ji, Baba? Idonta fa?"

Ya ajiye wayar. Ba mugu ba ne, wallahi. Taurin kai ne, da tsoron yarda cewa abin da ya ba ƙuruciyarsa ya mutu.

A shagon gahawa tsofaffi suka samu abin yi. "Kyaftin, yaushe za mu tashi? Na sa tsohuwata ta ɗaure kaya!" Yakan yi dariya tare da su, ya koma gida ya kasa cin abinci.

Da bazara ya gangara Bairut ya duba da idonsa. Ya tarar da jirginsu a can ƙarshen fili, an kwance injinan, ciyawa ta tsiro a gindin tayoyi. Ya daɗe tsaye a jikin shinge. Da ya hawo gida, Wadi'a ta tambaye shi, ya ce gyara ake yi. Ta lalubi bakin kofi kafin ta zuba masa gahawa.

Sai da yaron ya fara tafiya Nuhad ta samu zuwa, a jirgin wasu. Ta ɗora shi a cinyar kakarsa. Wadi'a ta bi fuskarsa da yatsu, goshi, hanci, kunnuwa, yaron na ƙyalƙyala dariya, yana tsammanin wasa ne.

"Hancin ubansa ne," in ji ta. "Kunnuwan naka ne, Sarkis, Allah sarki yaro. To, idon fa? Hannu ba ya gane ido. Kai da kake gani, irin na wa ne?"

Sarkis ya duƙa ya duba. Sannan ya ɗago ya ce:

"Irin naki ne, Wadi'a."