Madarar Burgi a Bakin Ƙofa

Notburga Ramsauer, wadda kowa a ƙauyen Kirchmoos ke kira Burgi, ta yi shekara arba'in da ɗaya tana tatsar shanu a gonar da ke can ƙarshen tudu, kilomita tara daga coci. Ba ta taɓa koyon tuƙi ba. Mijinta Alois yana ganin mace da sitiyari ba su dace ba, ita kuwa ba ta da lokacin ja-in-ja da shi, don shanu goma sha takwas ba sa jiran a gama gardama.

Da ƙafafun Alois suka gaza, sai suka yi abin da manoman Ostiriya ke yi tun kaka da kakanni. Suka miƙa wa ɗansu Reinhold gona da gida da shanu a gaban lauya, su kuma suka koma ɗan gidan tsofaffi da ke bayan rumbun ciyawa. Irin wannan takarda ba ta barin komai a hannun kunya. An rubuta itacen hunturu, an rubuta madara lita ɗaya kowace safiya, an rubuta cewa ɗan zai kai su coci ran Lahadi ya dawo da su, haka ma wurin likita. Da aka gama karantawa Reinhold ya yi dariya ya ce, "Mama, sai ka ce maƙiyinku za ku bar wa gonar." Ita ma ta yi dariya ta sa hannu.

Ba wanda ya tuna ya rubuta ƙwanƙwasa ƙofa. Kullum ƙarfe bakwai, bayan tatsa, Reinhold zai ƙwanƙwasa sau biyu, ya shigo da kwalbar madara da warin shanu a rigarsa, ya zauna ya sha kofi, ya ce burodinta ya fara zama bulo. Bayan rasuwar Alois wannan rabin awa ce ranar Burgi, sauran duk zaman jira ne.

Wadda ta yi jinyar Alois shekara biyu kuwa Zarmina ce, ma'aikaciyar jinya mai bin gida-gida, 'yar Afganistan. Ita ke juya shi, ta wanke shi, ta jure baƙar maganarsa. Shi ya koya mata zagi da harshen mutanen tudu, ta kuwa riƙa rama masa da shi har ya yi dariya ya sarƙe. Takardar zamanta ta wucin gadi ce, ana sabunta ta shekara-shekara.

Sai zaɓe ya zo, jam'iyyar masu ƙyamar baƙi ta kwashi ƙuri'u fiye da yadda ko su suka zata, aka fara zaman kafa gwamnati da ita a Biyana, babban birnin ƙasar. Cikin alkawuranta har da mayar da masu takarda irin ta Zarmina inda suka fito. Reinhold ya manna allon jam'iyyar a bangon rumbu, daidai tagar kicin ɗin uwarsa, ya cika bayan motarsa da sitika. Ba mugu ba ne, kar a yi masa ƙarya. An rufe makarantar ƙauyen, an soke bas, farashin madara ya zama abin dariya, kuma 'yan jam'iyyar kaɗai suka hawo tudun suka tambaye shi damuwarsa.

"Reini, Zarmina fa suke nufi," in ji Burgi wata safiya.

"Haba Mama, wa ke maganar Zarmina? Zarmina ai tamu ce."

"To a dokar za su rubuta ban da tamu?"

Ya kurɓi kofinsa ya koma zancen burodi.

A lokacin Hedwig Zauner, tsohuwar malamar makarantar da aka rufe, ta fara tara mutane duk ran Alhamis a dandalin babban garin gunduma. Ba su da shugaba, ba su da ofis, sai jerin lambobin waya. Suna riƙe hannun juna su kewaye dandalin, manoma da masu jinya da baƙi, don a san akwai waɗanda ba su yarda ba. Burgi ta so zuwa, amma ƙanƙara ta rufe hanyar tudu, 'yar motar Hedwig ba ta iya hawa. Dole Burgi ta roƙi ɗanta.

"In kai ki ki zagi jam'iyyata da man motata?" Yana murmushi ya faɗa. "Duba takarda, Mama. Coci da likita. Ban ga gangami a ciki ba."

Wasa yake yi, rabi da rabi. Amma Burgi mace ce da in aka ce mata duba, sai ta duba. Ta ciro takardar daga ƙasan akwatin zannuwa, ta sa tabarau ta karanta, sannan ta buga wa Hedwig waya ta ce, "Malama, ku dawo da taron nan ran Lahadi, a ƙofar cocinmu, da an fito."

Ran Lahadi Reinhold ya sauke ta kamar kullum. Da aka fito daga coci sai ya ga mutum wajen saba'in sun jeru tun daga ƙofa har bakin maƙabarta, hannu cikin hannu, uwarsa a tsakiya da hular ulu.

Ya matso kusa da ita ya rage murya. "Ke kika shirya wannan."

"Coci ka kawo ni. Takarda ta ce kai da dawowa, sai ka jira."

Ya jira minti arba'in cikin motarsa mai sitika. Abokansa na jam'iyya suna tsaye a ƙofar mashaya da kofunan giya, ɗaya ya ƙwanƙwasa masa gilashi ya ce, "Reini, ashe kai ne direban 'yan adawa? Nawa suke biyanka, ko nono kawai ake ba ka?" Suka kwashe da dariya.

Zarmina, wadda ke riƙe da hannun Burgi na hagu, ta ji komai. Ta ce, "Uwargida Ramsauer, da kin yi zamanki. Ni in an kore ni an kore ni, ke ɗa ɗaya gare ki."

"Riƙe ni dai da kyau, sanyi nake ji," in ji Burgi.

Reinhold ya tuƙo ta kilomita tara har gida. Sai da ya buɗe mata ƙofar mota, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya ce, "To Mama, takarda kike so. Duk abin da ke ciki za ki samu."

Washegari ƙarfe bakwai ta zuba kofi biyu. Ta ji takun takalmansa a kan ƙanƙara, ta ji an ajiye kwalba a kan dutsen bakin ƙofa, ta ji takun yana komawa.

Bayan mako uku jam'iyyar ta shiga gwamnati. Takardar Zarmina tana ofis har yau, ba a ce i ba, ba a ce a'a ba. Taron Lahadi ya ragu zuwa mutum goma sha ɗaya, Burgi na cikinsu, Reinhold kuma yana kai ta ya dawo da ita, rediyo a kunne. Ba ta da inda za ta koma, don haƙƙinta na zama a wannan gida kaɗai yake, ba ta kuma da ƙarar da za ta kai. Itacen ma an fi faskara shi da kyau bana. Tana kewar ɗanta, wanda take gani kullum ta taga yana wucewa ƙarƙashin allon.

Wata safiya ta ga kamar madarar ta ɗan ragu, har ta ji murna. Ga dalilin da za ta tsallaka ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, ta yi masa faɗa, ya mayar mata, ko da tsiya dai su yi magana. Ta ɗauko mazubin awo, ta juye kwalbar a hankali, ta sunkuya ta duba layin. Lita ɗaya ce cif.