Babban Yatsan Miriyam a Bakin Tukunya

Duk wanda ya ci shinkafar biki a Kafanchan, da wuya bai ci daga tukunyar Azariya Zamani ba. Sana'arsa zubin tukwane: ya tara gwangwanayen lemo da tsofaffin kwanukan alminiyam, ya narka, ya zuba a moldi, wato akwatin yashin da aka danna masa siffar tukunya. Kafin ya rufe akwatin yakan danna babban yatsansa na hagu a yashin, sai tukunya ta fito da ɗan tudu a bakinta. Mata a kasuwa wannan tudun suke lalubawa kafin su yi ciniki.

Mutum ne mai taurin kai, ga fahariya. Matarsa Miriyam ta tsufa tana murza masa zugazugi da tankaɗe yashi, amma bai taɓa barin ta riƙe ludayin zubi ba. Wai ba aikin mata ba ne.

'Yarsu Emilia, malamar Turanci a Zonkwa, ta taɓa gaya masa cewa kalmar da Turawa ke kiran zubi da ita asalinta jifa ne, moldi kuma asalinsa ɗan ma'auni. Ya ce ma'aunin ya yarda, amma duk wanda ya jefa narkakken ƙarfe asibiti zai kwana.

Sai hawan jini ya kayar da shi, hannun hagu ya shanye. Emilia ta zo ta durƙusa.

"Baba, ka rufe shago ka zo Zonkwa ka huta. Aikin nan ya fi ƙarfinka yanzu."

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Ana nan zumuntar matan cocinsu suka aiko suna son tukunyar da za ta ɗauki rabin buhun shinkafa saboda bikin godiya na kaka. Azariya ya karɓa. Ya ce wa 'yarsa in tukunyar ta lalace zai bi ta Zonkwa, ba musu.

Babbar tukunya ba ta zubuwa da ludayi ɗaya. Ta kafofi biyu na moldin ake zubawa lokaci guda, kuma in ɗaya ya tsaya ko da na numfashi ne, ƙarfen zai sandare, ta fito da tsaga. Azariya hannu ɗaya gare shi. Ya yi ta zagaya moldin yana tsaki har rana ta take, Miriyam kuwa tana zaune tana ɓare gyaɗa kamar ba ta san abin da ke damunsa ba. Ta sani sarai, so take ya faɗa da bakinsa.

"Maman Emilia," ya ce da ƙyar, "za ki iya riƙe ludayi?"

"Ashe mace tana zubi?"

"Yau dai tana yi."

Ta kakkaɓe zaninta ta tashi. Da ya fara yi mata bayani ta katse shi, ta ce tun ba a haifi Emilia ba take kallo. Don kada hannu ya riga hannu, ta ɗauko waƙar da suke yi a zumunta, ya kama mata da muryarsa mai kama da tsohon injin niƙa. Suka karkata ludayi tare. Ƙarfen ya gangara fari tas, har kafofin biyu suka cika, babu wanda ya tsaya.

Da ya huce suka fasa yashin. Azariya ya ɗauki sanda ya buga gefen tukunyar, ta yi ƙara mai tsawo, garau, har mai gyaran babur na maƙwabta ya leƙo. Tsohon ya zauna a kan buhun gawayi yana dariya, hawaye na zuba, bai ko ɓoye ba.

Ranar biki Emilia ta zo da niyyar tafiya da shi. Ta shafa bakin tukunyar, ta ji tudun, ta sake shafawa.

"Baba, wannan yatsa ya yi ƙarami."

"Na mamanki ne. Ni na kama shi na danna a yashin," in ji Azariya. "Ki koma Zonkwa ki gaishe su. Litinin muna da zubi."