Shinkafar Goggo Hermelinda

Goggo Hermelinda, ƙanwar babana, ta shekara talatin tana sayar da shinkafa da kifi a bakin tashar jiragen ruwa ta tsibirinmu na Santa Cruz, a Galapagos. Ba ta da ɗa, ba ta da haƙuri da mutane. Amma kowace safiya sai ta watsa ludayin shinkafa wa 'yan tsuntsayen nan da muke kira pinson, tana yi musu faɗa kamar jikoki.

Matar akwai bin ƙwaƙƙwafi. Tun ina ƙarama take ba ni labarin shekarar da ruwa ya ƙi sauka. Ƙwaya mai laushi ta ƙare, sai tsidau mai tauri. Masu ƙaramin baki suka yi ta faɗuwa matattu, masu ƙaton baki suna fasa tsidau suna ci. Da aka samu ruwa, 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe suka ɗauko bakin iyayensu. Wannan labari ne ya kai ni aikin awon bakin tsuntsaye, aikin da take cewa na marasa abin yi ne.

Ran nan na je cin abinci ta tsare ni.

"Ke mai awo, a daji ina ganin masu babban baki da masu ƙarami. Nawa kuwa duk sun zama tsaka-tsaki. Me ya same su?"

Na so in kauce, wallahi, don na san amsar ba daɗi.

"Goggo, muna zaton abincin mutane ne. A daji mai tsaka-tsakin baki yana shan wuya: babbar ƙwaya ta fi ƙarfinsa, ƙarama kuma wasu sun fi shi saurin tsinta. Dafaffiyar shinkafa kuwa kowane baki zai ci."

"Wato ni na ɓata su."

"Ba ke kaɗai ba."

"Rufe min baki, ba lallashi na tambaye ki ba."

Washegari na same ta zaune, tukunya a rufe, tsuntsaye sun cika tebur suna kallonta. Tausayinta ya kama ni.

"In na daina ba su shinkafa, waɗanne ne za su mutu in fari ya zo?"

"Masu tsaka-tsakin, Goggo."

Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Babu ko guda a teburin da bakinsa ba tsaka-tsaki ba ne.