Zuwa Gaya don Tayar da Yayana

Muna idar da sallar asuba kar ɗinmu, babbar motar fasinja, ta bar Yamai. Ni da abokin tafiyata mun nufi Gaya, don an yi mini waya cewa Yayana, tun da tansiyo, wato hawan jini, ta kada shi, ya daina fita ɗaki. Lokotoro ya ce in bai motsa ƙafafunsa ba, ya gama zuwa masallaci da kansa.

Da farko Dosso. A tsaye muka sha kunu da ƙosai, direba yana ta danna oda kamar mu muka makarar da shi. Daga nan gudro, titin kwalta, ya miƙe kudu, ƙasa ta yi kore, giginya ta yawaita. Kusa da Gaya kamiyoyi, manyan motocin kaya, jere a bakin hanya, masu rake suna bin tagogi.

Na tarar da Yaya kwance, fuska ga bango, mutumin da ya tsufa yana tuƙa jirgin kaya a kogi. Tsarabar da na kawo masa taici ce, motsa jikin mutanen Sin da ake yi a hankali. Wani likitan ƙashi ya koya mini bayan na bar aiki. Ta gyara mini gwiwa, ta rage mini faɗa.

Washegari na sa aka fito da shi tsakar gida. Na bi tsari: tsayuwa, sannan numfashi, sannan hannu. Ina cikin lilo da hannuwa na ji daka ta tsaya. Matan 'ya'yansa ne, sun riƙe taɓare suna kallon ƙasa.

"Kai da furfurarka," in ji Yaya, "rawa za ka sa ni gaban surukaina? Ku mai da ni ɗaki."

Ranar ko tuwo bai ci ba.

Da gari ya waye na ɗauko amalanke muka kai shi bakin kogi ta hanyar Tounouga, bayan wasu giginyu, inda ba kowa sai masunta can nesa. Na fara, yana zaune yana harara ta. Da na mai da nauyina daga ƙafa zuwa ƙafa sai ya ce, "Auta, ai tura jirgi da gora kake yi, kuma ba ka iya ba. Kama ni."

Na riƙe ƙugunsa. Ya tsallake tsayuwa, ya tsallake numfashi, ya faɗa kan hannu. Na buɗe baki in gyara, na ga idonsa na kan ruwa yana hawaye, sai na ƙara riƙe shi.

Kullum da safe can muke. Ana gobe zan tafi ya dafa kafaɗata zuwa sallar la'asar. A ƙofar masallaci ya janye hannunsa ya shiga shi kaɗai.

Mun dawo Yamai lafiya da busasshen kifi da muruci. Na koyi abu biyu. Na ɗaya, dattijo ya fi tsoron kunya bisa ciwo. Na biyu, tsari na iya jira. Yau da safe na fito yin tawa taicin, na iske kaina na fara da hannu.