Mai Tsaron Sandunan Dutse

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Tun shekararsa ta farko a kamfanin haƙar ma'adinai abokan aiki suka laƙaba masa Lamba, saboda kullum za ka same shi a tsugune da gwangwanin fenti yana rubuta lamba a jikin akwatuna. Sunan ya bi shi har gida, ƙannen matarsa ma Yaya Lamba suke ce masa.

Ɗan mai haƙar rijiya ne. Tun yana shekara goma sha biyu yake shiga rami tare da mahaifinsa, a can ya koyi yadda ƙasa take jere: ja, sai fara, sai tsakuwa, sai laka mai sanyi wadda ke nuna ruwa ya kusa. Karatunsa bai wuce aji shida ba, amma Allah ya ba shi kyan rubutu. Da kamfanin ya zo ya kafa injin huda dutse a gindin tsaunin da ke bayan garinsu, sai aka ɗauke shi lebura.

Injin nan dutse yake zaro wa daga can ƙarƙashin ƙasa, sanda-sanda, kaurin karan rake. A jera sandunan a cikin akwatunan katako bi da bi, yadda suka fito, a kai su wata doguwar rumfar kwano. Aikin Lamba ɗaukar akwatunan ne kawai. Wata rana ya sauke wani akwati, ya tsaya yana kallonsa, ya ƙi tafiya. Injiniyan da ke duba duwatsun, wani siririn dattijo ɗan wata ƙasa mai ƴar gurguwar Hausa, ya ɗago ya ce masa mene ne.

"Ranka ya daɗe, waɗannan guda biyun an juya su. Na sama ne a ƙasa."

"Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini. Ga farar jijiyar nan, ba ta haɗu da ƴar'uwarta ba."

Injiniya ya juya duwatsun, jijiya ta haɗu cif. Ya cire tabarau ya dube shi tun daga hula har takalmi. Daga ranar Lamba bai sake ɗaukar kaya a ka ba.

Injiniya ne ya koya masa shafa wa dutse ruwa da buroshi don launinsa ya fito. Ya nuna masa wasu ƙwayoyi masu haske, kore-kore, kamar an barbaɗa fasasshiyar kwalba a cikin dutsen. Ya ce su ake nema, sunan abin litiyam, shi ne ke cikin batirin waya da na motocin nan da ba sa shan mai. Lamba ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi dai ya san mota da mai, ya san jaki da dusa, amma mota mai cin dutse sai ya gani da idonsa.

Shekara bakwai aka yi ana jin daɗi. Sansanin ma'aikata ya cika da mutum wajen ɗari huɗu. Lamba ya samu ɗaki biyu a layi na uku, kusa da famfo. Matarsa tela ce, ta kafa kekenta a baranda, ɗinkin kayan ma'aikata da na matansu bai bar ta ta huta ba. Kamfani ya gina makaranta mai aji huɗu. Babbar ƴarsu, wadda yake kira Uwata, a nan ta fara karatu, ƙaninta ya biyo ta, sannan aka haifi auta. Ƙarar injin tana tashi tun hantsi har la'asar, mutane suka saba da ita har suna magana da ƙarfi ko a ranar hutu. Faɗan da ke tsakanin Lamba da matarsa ɗaya ne: duk ranar wanki sai ta zazzage tsakuwa daga aljihunsa.

"Baban Uwata, dutse ka aura ko ni?"

"Ke ce ta farko," in ji shi. "Shi daga baya ya zo."

Wata safiya ma'aikata suka tarar da takarda manne a ƙofar shiga. Gwamnati ta ce lasisin kamfanin yana da matsala, ta kuma miƙa rabin tsaunin ga wani kamfani na wata babbar ƙasa. Tsohon kamfanin ya ce bai yarda ba, ya kai ƙara wata kotu a ƙetare. Kotu ta ce a tsayar da aiki, kada a taɓa ko tsinke har sai ta yanke hukunci. Rumfar duwatsu kuwa ita ce babbar shaida, akwati dubu goma sha ɗaya, don haka dole a bar mai kula da ita.

Ranar da Injiniya zai tafi ya kama hannun Lamba da hannu biyu. "Wata uku, ko huɗu. Ka kula da su. Ina dawowa."

Aka sallami kowa. Motoci suka yi ta fita da katifu da tukwane a kansu har mako biyu. Aka bar Lamba a rumfa, aka bar wani mai gadi da ake kira Tsohon Soja a bakin ƙofa.

Matarsa ta yi haƙurin shekara guda. Makaranta ta rufe, keke ya yi kwana da kwanaki a lulluɓe. Wata rana da yamma tana tsefe wa Uwata kai ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Yaya ya ce akwai ɗaki a gidansa. Akwai makaranta a bayan layinsu."

"Ki ƙara haƙuri, an ce hukunci ya kusa."

"Haka aka ce bara. Yaran nan sun fara manta karatu. Ni ban ce ka bar aikinka ba, amma ka bar ni na kai su."

Ya san gaskiya ta faɗa. Shi da kansa ya ɗaure keken a bayan mota. Birnin da yayan nata yake tafiyar yini guda ce.

Daga nan kwanakinsa suka zama iri ɗaya. Ya buɗe rumfa da safe, ya share, ya bi layi-layi yana ƙwanƙwasa akwatuna don gara. Wanda katakonsa ya ruɓe ya sake masa gindi, ya mayar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya yadda suke. Lambar da ta koɗe ya sake rubuta ta. Kan ya kai ƙarshen rumfar, na farkon sun koɗe, sai ya koma. Da azahar shi da Tsohon Soja su ci abinci a inuwar tankin ruwa. Labarai uku Tsohon Soja yake da su a duniya, Lamba ya haddace su duka, har yakan gyara masa in ya yi kuskure.

Abin da ya fi damunsa shiru. In ya bi ta layi na uku sai ya ga kamar zai ji ƙarar keke, ko a ƙwalla masa kira ya zo ya raba yara faɗa. Ciyawa ta fito a barandarsu. Ya bar kwana a ɗakin, ya koma ƴar ma'ajiyar da ke jikin rumfa.

Ƙarshen kowane mako Uwata take kiransa. Ta girma, ta iya duba labarai a wayar kawunta, ita ce ta zama rediyonsa.

"Baba, yau ma suna ta musu a kan dutsenku. Masu hannun jari a kamfanin. Wani ya ce in aka ci shari'a sun warke har jikoki. Wani ya ce kowa ya sayar ya tsira. Wani kuma ya ce ba shari'a ba ce, manyan ƙasashe ne ke kokawa a kan wanda zai riƙe batir."

"Sun taɓa ganin dutsen?"

"A hoto."

"To. Ya jikin auta? An ce ya yi mura."

Sau biyu a shekara yake samun zuwa, kwana uku-uku. A zuwansa na uku auta ya ɓuya a bayan uwarsa, ya ce, "Mama, baƙo ya zo." Kowa ya yi dariya, Lamba ma ya yi. Amma a motar komawa bai iya cin guzurin da aka ɗaura masa ba.

A shekara ta huɗu motoci uku suka tsaya a ƙofa. Masu zuba jari ne, sun zo su ga abin da suke ta musu a kansa. Lamba ya sa wankakkiyar rigar aikinsa ya buɗe musu rumfa. Suna shiga gardama ta kaure tsakanin wani mai furfura da wata mata mai littafi a hannu. Tafintan da ke tare da su yana fassara wa Lamba ƙasa-ƙasa: mai furfura yana cewa a ja shari'ar har ƙarshe, ƙasarsu ba za ta bari abokan gabarta su kwashe ma'adinin ba. Matar tana cewa kafin nan an gano wani abin yin batir, dutsen ya koma dutse. Sun fi rabin awa a tsaye, babu wanda ya kalli akwati ko ɗaya.

Can matar ta juyo ta tambayi Lamba ko shi me ya gani. Lamba ya ɗauko buroshi da ruwa. Ya je layi na tara ya jawo wani akwati da ya sani, ya tsoma buroshi a ruwa ya shafa. Koren nan ya taso yana ƙyalli daga wannan gefe zuwa wancan. Suka bar gardama, suka sunkuya. Mai furfura ya kai yatsa ya taɓa.

"Haka yake har taku arba'in a ƙasa," in ji Lamba. "Injiniya ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Don Allah ka tambaye su, yaushe zai dawo?"

Tafinta ya tambaya. Matar ta dubi mai furfura, sannan ta yi magana a hankali. Tafinta ya ɗan yi jim.

"Ta ce ya rasu. Bara, farkon shekara. Ta ɗauka an gaya maka."

Lamba ya ce Allah ya jiƙan rai. Ya mayar da akwatin wurinsa, ya raka su har mota. Da suka tafi ya zauna a kan bencin da Injiniya yake aiki, har Tsohon Soja ya zo nemansa don abinci ya huce.

Shari'ar ba a taɓa yanke ta ba. A shekara ta biyar kamfanonin biyu suka sasanta a can inda suke, suka haɗa jari, aka turo sababbin mutane. Sun zo da wata na'ura mai ɗaukar hoton duwatsu tana karanta abin da ke cikinsu. Wata biyu Lamba yana miƙa mata akwatuna. Da aka gama, sabon shugaban ya ce a cikin dubu goma sha ɗaya ba su sami ko guda da ya rikice ba, ya jinjina masa. Sannan ya ce yanzu komai yana cikin kwamfuta, rumfar za a rushe ta don hanyar manyan motoci ta bi ta wurin, amma in yana so akwai gurbin gadi.

Ya kira matarsa ya gaya mata. Ta ce, "Ka taho gida, Baban Uwata. Ya isa haka."

Ya taho da jaka ɗaya. Ya tarar ta kama shago a bakin titi, kekuna uku, mata biyu suna yi mata aiki. Uwata ta fi uwarta tsawo. A gidan bai san inda ake ajiye kofi ba, sai ya tambaya. Yara in suna son wani abu uwarsu suke nufa, ko da yana zaune a wurin. Yayan matarsa ya samo masa aiki a wani shagon sayar da tayil na daɓen gida, mai shagon yana yaba shi, don bai taɓa haɗa launi biyu a kwali ɗaya ba. Duk shekarun nan abin da yake roƙo ke nan, ya buɗe ido ya gan su. Ga shi ya samu, amma wani lokaci yana tsaka da jera kaya sai hankalinsa ya tafi, ya ga tsaunin da hantsi. Bai gaya wa kowa ba, yana ganin kamar rashin godiya ne.

Wata ranar da ba ciniki ya biya ta shagon matarsa. Ma'aikatanta sun fita, tana zaune tana warware wani ɗinki. Ta tura masa kujera da ƙafa.

"Ka tuna matar mai walda, ta layi na biyu? Mai dariyar nan da ake ji har famfo?"

"Wadda akuyarta ta cinye takardar albashin mijinta?"

"Ita. Jiya na yi mafarkinta." Ta ciji zare ta tofar. "Nan akwai ciniki, ban raina ba. Amma wallahi ban taɓa jin daɗin zama kamar na wurin can ba. Na yi shiru ne don kada ka ce ni na tafi."

Ya dube ta. Ashe furfura ta fara fito mata a gefen kunne, bai lura ba sai yau.

"Ina suka koma ne, su mai waldan?"

"An ce kudu. Direban tanka kuwa ya rasu, ka ji?"

Bai ji ba. Suka shiga bin layukan sansanin ɗaki-ɗaki, wane yana ina, wance ta aurar da ƴa, su wane ba labari. Inda ta manta ya tuna mata, inda ya manta ta tuna masa. Sun kai tsakiyar layi na huɗu wata mata ta yi sallama da yadi a hannu. Matarsa ta ce mata ta yi haƙuri ta dawo gobe, yau tana da baƙo.