Yadda Muka Jawo Gero Daga Mai'aduwa

Tafiyar nan ta ba ni wuya, ba zan ɓoye ba. Shekarar fari ce, ta biyu a jere, soja na mulki nan, soja na mulki can Najeriya. Rumbuna ya ƙare tun sanyi bai fita ba, har irin da na rataye cikin ɗaki mun daka mun sha. Ga damina ta matso, ga ɗiya da uwarsu Rahila, ba na ci ba na shuka. Abin da ya rage mani sa guda ne, Baƙi. Na ce in kai shi Mai'aduwa, ƙetaren iyaka, in sai da shi in sawo gero, don a kasuwannin wajenmu kowa mai sai da dabba ne, ba mai saye.

Na ari amalanken majami'armu. Sannan na je rugar Joɗi, Bafulatanin da ke zama gonata da rani shanunsa na zuba mani taki, na ce ya zo da sansa mu tafi tare. A lissafina nawa zai tsaya can, nasa ya jawo mu gida. Ban faɗa mashi haka ba. Na ɗauka abin a fili yake, kuma magidanci ba ya yawo yana shelar rumbunsa ya ƙare. Joɗi ya dubi ƙasa ya ce, "To, Kaɗo. Dama ni ma ina da ƴar buƙata can." Iyakar maganar da muka yi ke nan.

Daga Maijirgi zuwa Korgom

Juma'a zakara na cara na fari muka tashi daga ƙauyenmu, kudu da Maijirgi. Sa ɗaya na jan amalanke, ɗaya ɗaure a baya, in wannan ya gaji mu canza, don duk biyun haƙarƙarinsu a waje yake. Ni ina zaune bisa. Joɗi ya ƙi hawa, yana gefen sansa, Ja, yana mashi magana da Fillanci ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Fillo, ko matarka ba ka yi wa wannan hira."

Ya ce, "Ita tana maida amsa. Wannan ya fi ta ladabi."

Hanyar cike take, kuma kowa kudu ya nufa. Garkunan shanu, tumaki, jakuna da ɗaurin fata, samari ƴan ci-rani da tabarmi a kai. Dab da Korgom akwai bariyal, shingen jandarma. Jandarma ya duba takardar lanhona, wato haraji, ya dubi shanun ya ce, "Waɗannan za su kai kuwa?" Na ce in ba su kai ba sai mu goya su. Ya ɗaga sanda. Mun kwana gindin gawo bayan gari, muka jiƙa garin rogo da ɗan ƙuli. Joɗi bai ci ba, ya ce cikinsa ne.

Hawandawaki

Asabar da la'asar muka sauka gidan Dattijo Markus, wani ɗan'uwa na majami'ar wajen. Matarsa ta kawo mana dilo, ƴaƴan anzar nan da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Ta ba da haƙuri. Na ce, "Inna, a gidana wannan tuwon biki ne." Joɗi nan ma bai sa hannu ba.

Dattijo mutum ne mai surutu. Ya nuna mani kwanon da muke ci, fitilar, ashanar, sabulun da ke bakin randa, takalmin robar ƙafarsa. Ya ce, "Iliya, duba da kyau. Duk daga can suka zo. Kananzir ma da isansi, man mota, haka. A ɗakin nan abin da ƙasarmu ta haifa ni ne da tsohuwar nan da tabarma."

Na ce, "Mu ma ai muna kai masu."

Ya ce, "Muna kai masu sa da wake. Sa sai ya shekara biyar yana cin ciyawa, wake sai sama ta yarda. Su kuwa injin sabulunsu ba ya jiran hadari. Gobe Lahadi kuma ka tsallake sujada ka tafi kasuwa, zan gaya wa fastonku."

Na ce ya gaya mashi, shi ya ba ni amalanken.

Kasuwar Mai'aduwa

An ce babbar hanya a rufe take, sai muka bi ta gonaki kamar kowa. Ba ka sanin ka ƙetare sai ka ji ana ce wa kuɗi naira. Hantsi muka shiga. Ban taɓa ganin kara irin wannan ba, shanu har ido ya gaji, kuma in ka saurari bakin masu su duk mutanenmu ne, na Mayahi, na Tasawa, na Sarkin Hausa. Manyan motocin kamyo sun jeru ana loda su zuwa kurmi.

Muka aje amalanke wajen wata mai tuwo. Na ce wa Joɗi zan zaga. Ya ce shi ma zai kai Ja ya sha ruwa. Na ja Baƙi wajen wani dillali. Ya taɓa ƙugunsa ya ce, "Malam, fata ka kawo ko ƙaho?" Muka yi ta ja-in-ja, hannu cikin riga, har aka sallama. Kuɗin da a shekarar ƙoshi ko maraƙi ba zan bayar a kansu ba. Ban tsaya kallon sa'ad da aka tafi da shi ba.

Na wuce layin hatsi. Wani Alhaji mai fara'a ya buɗe mani buhu. Na damƙa na duba, don ba na son maiwa, ba ta nuna a wajenmu. Ƙwayar ƙanana ce, mai ƙarfi, irin tamu sak.

Na ce, "Alhaji, wannan na ina ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Naku ne mana. Bara waccan da kaka na sawo shi wajen Tasawa, kuna ta roƙona in ɗauka. Ajiya na yi maku."

Na ce, "Ajiyar ta yi tsada."

Ya ce, "Ɗakin ajiya ai ba kyauta ba ne."

Na sayi buhu biyu da ƴan tiyoyi, na ƙara gishiri da sabulu sanda guda saboda Rahila. Ƴan dako suka kai mani. Ina isa na tarar da wasu buhu biyu a kan amalanke, Joɗi zaune bisa, igiya nannaɗe a hannunsa. Ni ma igiya nannaɗe a hannuna. Muka dubi juna.

Na ce, "Ina Ja?"

Ya ce, "Ina Baƙi?"

Na ce, "Kai Fillo! Don me ba ka ce sai da shi za ka yi ba?"

Ya ce, "Bafulatani ya buɗe baki ya ce zai sai da sansa? A gaban san? Kwana biyu ban ci abinci ba, ban hau amalanke ba, kai ba ka da ido? Kai fa, wa ya taɓa sai da san amalanke ya bar amalanke?"

Mai tuwo ta yi dariya har ta saki mara cikin miya. Ta kira maƙwabtanta su zo su gani.

Muka shiga neman jaki na haya. Babu. Kamyo mai zuwa arewa ko allura ba ta da wurin shiga. Wani direba ya ce mani, "Baba, in kudu za ka, hau kyauta. Kayanku da ƙafarsu suke zuwa, mu mukan zo wayam. Arewa kuwa an kama wuri tun makon jiya." Ga gabas ta fara yin baƙi-baƙi da yamma. In ruwan shuka ya sauka ina nan, shekarar ta wuce ni.

Na tuɓe riga na shiga tsakanin sandunan amalanke, na rataya igiyar Baƙi a kafaɗa. Na ce, "Tura, Fillo."

Komowa

A kan tsandauri abin da sauƙi. Da muka shiga rairayi na san Baƙi ya yi mani haƙuri shekara da shekaru. Ƙafar amalanke ta nutse, mu sauke buhu, mu ja, mu koma mu ɗauko. Joɗi kuwa daga baya sai na ji yana mani irin kiran da yake wa shanu, har da tsaki. Na ce in ya sake zan yi harbi.

Mun kwana a hanya, kowa da buhu a matashi. Da safe, dab da iyaka, motar sojan can ta tare mu. An hana fitar da hatsi, kowa ya sani. Na ce a raina shi ke nan, ga sa ya tafi ga gero zai bi shi. Sajansu ya sauko, Bahaushe ne, ya zaga amalanken ya soka yatsa a buhu.

Ya ce, "Na sayarwa ne?"

Na ce, "Na ci ne da na shuka, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To ina dabbar da ke ja?"

Joɗi ya nuna ni ya ce, "Ga ta nan, yallaɓai. Tsohuwa ce, amma ba ta cizo."

Sajan ya riƙe ciki. Ya juya wa sauran da Turanci, su ma suka fashe. Ya ce shi masu kamyo aka aiko shi kamawa, ba a ba shi umarni a kan irinmu ba. Akwai wani tudu gabanmu, sai ya sa sojoji biyu suka tura mana har bisa, bindiga a baya.

Azahar ta wuce muka faɗa gidan Dattijo Markus. Ya dube ni cikin sanduna, bai ce sannu ba sai da ya gama dariya. Ya ba mu aron tsohon jakinsa, amma ya ce buhu huɗu sun fi ƙarfinsa a rairayi, sai da mai taya shi. Ya ɗaura igiyata gefen jakin da hannunsa. Ya ce, "Na san an hana haɗa sa da jaki a aiki ɗaya. Jaki da Iliya kuwa ban ji an hana ba."

Haka muka yi sauran hanyar, ni da Joɗi muna karɓa-karɓa, jakin na tsayawa inda ya ga dama. Jandarman Korgom ya gane mu, ya ce, "Ashe da gaske kuke." Bayan Korgom iska mai sanyi ta taso, aka yi yayyafi, muka tuɓe riguna muka rufe buhunan. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Daga nan ba wanda ya sake wasa, ja kawai muke.

Laraba da almuru muka shiga ƙauye. A mararraba Joɗi ya sauke nasa buhunan, matarsa na tsaye nesa. Rahila ta fito ta dubi jakin, ta dubi kafaɗata da ta saluɓe, ta sa hannu cikin buhu ta damƙo gero ta sunsuna. Can sai na ji turmi. Na gode wa Ubangiji, na gode wa Dattijo da jakinsa, da sajan nan da ban san sunansa ba. Ruwa ya kwana yana zuba.

Da gari ya waye na auni iri na zuba a ƙwarya, na miƙa wa Rahila. Hannun dama ya ƙi ɗaguwa, sai na saɓi sungumi da na hagu, na shige gaba ina sara, tana biye tana jefawa.